Ɗaure notocin manifol da sufana ba ta kai musu

Ka ce notocin tsakiya na manifol ɗin shan iska (bututun da ke raba wa silindojin injin iska da mai) sun ɓuya ƙarƙashin kabureta, sufanar auna ɗauri ba ta shiga, yaya za a yi? Nemi ɗan kan sufana mai buɗaɗɗen baki, wanda ake kira kurofut, ka ɗora shi a kan sufanar awon ya kalli gefe, ya yi kusurwar digiri 90 da hannunta. A haka lambar da ka saita ita notin zai samu. Idan wuri ya tilasta ka miƙe shi gaba, ka ƙara wa sufanar tsawo ke nan, sai ka rage lamba: sufana mai tsawon inci 18, ƙarin inci 2, kana son ɗaurin 30, saita 27 (30 sau 18, a raba da 20).

Amma fa kada ka ɗaure su kashi ɗaya. Fara daga tsakiya, kana tsallakawa gefe zuwa gefe har ka fita waje, zagaye uku, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Na taɓa gaggawa da manifol na alminiyum, gasket (shimfiɗar da ke toshe tsakanin manifol da kan injin) ya zame, injin ya riƙa shaƙar iska ta gefe yana rawa. Bayan injin ya yi zafi ya huce, sake bin su, gasket sabo yakan kwanta.