Hukuncin sassaƙa zanen ɓarnar yaƙi da buga shi a takarda

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai zane ne, fannin na karanta a jami'a, yanzu kuma ina da ɗan shagon ɗab'i inda nake buga riguna da fastoci. A makaranta an nuna mana aikin wasu Turawa da suka sassaƙa bala'in yaƙi a jikin katako da faifan tagulla suka buga a takarda, irin su Goya da Otto Dix da Käthe Kollwitz. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyen mahaifiyata, an kashe mutane, sauran suna gudun hijira. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina son in yi jerin zane irin nasu in buga da yawa, ko mutanen birni sa san halin da ake ciki. Wani abokina ya ce in ji tsoron Allah, masu zane su ne mafi tsananin azaba ranar ƙiyama. Ya halatta in yi? Zan iya zana gawawwaki? Zan iya sayarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe, ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu cikin aminci, ya ba mahaifiyarka haƙuri.

Ɗan'uwa, abokinka bai ƙirƙiri maganarsa ba. Hadisi ne ingantacce na Abdullahi ɗan Mas'ud a Bukhari da Muslim, cewa masu suranta surori su ne mafi tsananin azaba a wurin Allah ranar ƙiyama. Bukhari ya kuma kawo labarin mutumin da ya zo wa Ibnu Abbas ya ce da sana'ar surori yake ci. Ibnu Abbas ya gaya masa abin da ya ji daga Annabi (SAW), cewa wanda ya yi sura za a azabtar da shi har sai ya busa mata rai, ba kuwa zai iya ba. Da ya ga fuskar mutumin ta canja, sai ya ce masa in ya zama dole ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Saboda waɗannan nassoshi ne Imam Nawawi ya ce suranta mai rai haramun ne, yana da inuwa ko ba shi da ita. Wannan ra'ayi ne na malamai masu yawa, kuma wanda ya riƙe shi bai yi tsanani a kan banza ba.

Malaman Malikiyya sun rarrabe. A wurinsu haramcin yana tabbata ne idan surar ta mai rai ce, gaɓoɓinta cikakku, kuma tana da inuwa, wato mutum-mutumi mai jiki da za a iya tsayarwa. Abin da yake shafe a takarda ko bango ko tufa makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, idan kuwa a wulaƙance yake, kamar a shimfiɗar da ake takawa, barinsa ne ya fi. Haka Shaihu Dardir ya tsara mas'alar. Mai Risala ma ya ce an karhanta surori a gadaje da bango da zobe, ya cire zanen jikin tufa daga ciki, ya ce barinsa ya fi kyau. Hujjarsu hadisin Abu Ɗalha ne ta hanyar Zaidu ɗan Khalid: mala'iku ba sa shiga gidan da yake da sura, tare da togacewar “sai dai zane a jikin tufa”. Na karkata ga wannan, domin ya haɗa nassoshin biyu bai jefar da ɗaya ba, kuma dalilin tsanantawar a fili yake a tarihin mutanen Annabi Nuhu: Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru salihan bayi ne da aka kafa musu abin tunawa, da zamani ya ja sai aka bauta musu. Babu mai durƙusa wa zanen matar da ta goya ɗanta tana gudu daga ƙauyen da aka ƙona.

Malamai kuma suna da ƙa'ida cewa karhanci yana gushewa da buƙata. Sanar da mutane zaluncin da ake yi wa raunana buƙata ce ta gaske. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Annabi (SAW) ya sa Hassanu ɗan Sabit ya kare Musulmi da waƙa, ya ce ta fi harbin kibiya yi wa Ƙuraishawa ciwo. Mu ma muna cewa gani ya kori ji. Saboda haka asalin aikin da kake son yi ya halatta a fahimtata.

Sai dai ba a nan tsorona yake ba. Kai da abokinka kun tsaya a kan batun sura, ni kuwa abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne aikin nan shaida ce, shaida kuma wadda ake bugawa. Mai fenti allo ɗaya yake yi ya rataye a ɗaki ɗaya. Kai faifai ɗaya za ka sassaƙa, ka shafa tawada, ka danna takarda, ka sake, ka sake, sannan wani ya ɗauka da waya ya sa a Facebook, ya isa garuruwan da ba ka taɓa takawa ba. A dogon hadisin mafarki na Samura ɗan Jundub a Bukhari, Annabi (SAW) ya ga wani ana yaga masa baki har ƙeya da ƙugiyar ƙarfe, aka ce shi ne mutumin da yake fita daga gidansa ya yi ƙarya guda ta kai ko'ina a duniya. Mai maɗaba'a ya fi kowa cancantar ya riƙa tuna wannan hadisi.

Dubi waɗanda ka ambata. Goya ya yi faifansa sama da 80 tsakanin 1810 da 1820, a kan yaƙin da ya biyo bayan shigar sojojin Napoleon ƙasar Sifaniya a 1808, da yunwar da ta cinye mutanen Madrid a 1811 da 1812. Ba a buga su ba sai 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa. Abin da ya ba aikin nauyi shi ne bai ɓoye laifin mutanensa 'yan Sifaniya ba. Ya zana sojan Faransa yana rataye ɗan ƙasa, ya kuma zana ɗan ƙasar ya ɗaga gatari a kan sojan da ya riga ya faɗi. A ƙarƙashin ɗaya daga cikin zanen ya rubuta cewa shi ya ga wannan. Otto Dix kuwa ya riƙe bindiga mai jigida a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya kafin ya fitar da zanensa 50 a 1924. Ba Musulmi ba ne su, amma a wannan gaɓa sun kusanci abin da Allah ya umarce mu da shi a Suratul Ma'ida, aya ta 8: kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. To kai ma ka zana abin da ka gani, ko abin da amintattu suka gaya maka ka tabbatar da shi. Kada ka ƙara yawan gawa don zanen ya fi taɓa zuciya. Kada ka ɗora fuskar wani sananne a kan kisan da ba ka da hujjar shi ya yi. Idan 'yan sa-kai na ɓangarenku sun kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ka sani, ka rufe ido ka zana ɓarnar ɗaya ɓangaren kaɗai kana cewa ga labarin duka, shaidarka ta gurgunce.

Wannan sana'a da ta tona asirin yaƙi ita ce kuma ta sha hura wutarsa. Jaridar Julius Streicher a Jamus ta shafe shekaru tana buga zanen da yake mayar da Yahudawa dodanni, kuma kotun Nuremberg ta sa aka rataye shi a 1946 alhali ba shi ya ja runduna ba. A Ruwanda jaridar Kangura, wadda ta fara fita a 1990, ta yi wa 'yan Tutsi irin haka da rubutu da zane kafin kisan ƙare dangi na 1994, kotun Arusha ta kama editanta da laifi a 2003. Ina faɗa maka wannan ne domin na san abin da ake faɗa a majalisu game da ta'asar 'yan bindiga. Duk zanen da zai sa mai kallo ya fita yana jin cewa wata ƙabila gaba ɗayanta abokiyar gaba ce, a sa mata kamannin dabba, a mai da tufafinta ko sandarta alamar kisa, haramun ne ba tare da wani saɓani ba, ko da babu inuwa, ko da babu fuska. Babu rai da yake ɗaukar laifin wani. Makiyayin da za a tare a kasuwa a kashe saboda fastarka, jininsa zai tambaye ka.

Batun gawa kuma. Mamaci yana da alfarma kamar rayayye; Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ranar Uhudu aka rasa abin da zai rufe Mus'abu ɗan Umair sai mayafi guda, in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Annabi (SAW) ya ce a rufe kansa, a sa ciyawar izkhir a ƙafafunsa. A cikin wannan ƙunci da jini ma ba a bar shi a buɗe ba. Da Safiyya ta taho neman ɗan'uwanta Hamza, wanda aka yi wa gawarsa wulaƙanci, Annabi (SAW) bai so ta gan shi a haka ba, ya sa ɗanta Zubairu ya tare ta. An kuma ruwaito cewa an taɓa kawo wa Sayyidina Abubakar kan wani kwamandan Rumawa daga Sham, ya yi fushi. Aka ce ai su ma haka suke yi mana, ya ce shin da Farisa da Rum za mu yi koyi, kada a sake kawo masa kai, wasiƙa da labari sun isa. Daga waɗannan nake cewa: ka iya zana mamaci a lulluɓe, ka zana makara, ka zana jerin kaburbura da masu haƙa. Tsiraici bai halatta ba, na namiji ko na mace, rayayye ko matacce. Goya yana da faifan da ya rataye gaɓoɓin mutane tsirara a jikin itace. A wannan kada ka bi shi. Matan da aka ci zarafinsu kada ka zana su ta yadda za a gane su, kada kuma ka zana abin da aka yi musu. Wanda za a iya gane shi, mamaci ne ko mai rai, ka nemi yardar iyalinsa tukuna, domin su za su ci karo da shi a bango.

Ba na jin wannan zai rage wa aikinka ƙarfi. Kollwitz ta rasa ɗanta Peter a watan Oktoba na 1914, kwanaki kaɗan da zuwansa fagen daga. Da ta zo sassaƙa katakonta guda 7 a kan yaƙi, a farkon shekarun 1920, ba ta zana fagen fama ba ko sau ɗaya. Waɗanda aka bari a gida ta zana: gwauruwa, iyaye mata sun kewaye 'ya'yansu, da uwa da uba a durƙushe sun rungumi juna, fuskokinsu a ɓoye. Wannan na ƙarshe babu jini a cikinsa, amma duk wanda ya taɓa binne ɗa zai gane shi. Naji al-Ali, mai zane Bafalasɗine da aka harbe a Landan a 1987, ya shahara ne da zanen Hanzala, yaro ɗan shekara 10 mara takalmi wanda ya juya wa mai kallo baya, hannuwansa a harɗe. Ka lura da amfanin wannan ta fuskar fiƙihu. A hadisin Abu Huraira, Jibrilu ya ce a cire kan surar ta koma kamar itace, kuma daga nan wasu malaman zamani suka ce surar da ba ta da ido da hanci da baki ta fita daga haramci. Idan ka zana mutanenka ta baya, ko a lulluɓe, ko baƙar inuwa kawai, ka ƙara musu da rumbun da aka ƙona da gonar da aka bari ba girbi da takalman da aka watsar a hanya, ka kusanci fita daga saɓanin malamai, ka kuma suturta waɗanda kake yi dominsu. Wannan nake so maka, ko da yake ban haramta maka fuska ba.

Abu guda nake hana ka ko a mazhabar da ta sassauta: babban hoton wani mamaci shi kaɗai, a ƙawata shi da haske, a rubuta masa shahada, a rataye a zaure ko masallaci. Wannan ita ce ƙofar da mutanen Nuhu suka shiga ta cikinta. Mu muna yi wa wanda aka kashe da zalunci fatan shahada, hukuncin kuwa na Allah ne.

Za ka iya tambaya game da katakon kansa, tunda sassaƙa ce mai ɗan tudu da kwari. Ni ina ganin hukuncinsa hukuncin hatimi ne: kayan aiki ne, a juye surar take, ba jiki ne mai tsayuwa da kansa ba. Ka ajiye shi cikin kayan aikinka a rufe, kada ka mai da shi abin ado.

Sayarwa ta halatta, domin abin da aikinsa ya halatta kuɗinsa ma ya halatta. Amma in ka ce wa masu saye wani kaso na 'yan gudun hijira ne, ya zama amana a wuyanka, ka rubuta, ka kai musu cikakke. Kada ka sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a fastar da za a liƙa a titi ko rigar da za a shiga banɗaki da ita, domin ruwa zai kwaɓe takardar ta faɗi a kwata. Idan kuma ka san wani zane zai jawo wa mutanen ƙauyen ramuwar gayya saboda an gane wanda ya ba ka labari, ka jinkirta buga shi ko ka sauya abin da zai nuna su, domin kare ransu yana gaba da isar da labarinsu.

Wallahu a'alam.