Tambaya da Amsa: Keken batir zuwa ƙauyen da ke ƙarƙashin dutse a Sifaniya, zan iya kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ɗan kasuwa ne a Zariya, shekaruna 57. Yarona yana karatu a birnin Malaga na ƙasar Sifaniya, insha Allahu cikin watan Afrilu zan kai masa ziyara, toh shi ne ya bugo min waya wai ya biya mana kuɗin wani yawo na wuni guda, za a ba mu keke mai batir da ɗan jagora mu tashi daga wani gari wai shi Ronda mu je wani ƙauye Setenil inda mutane ke zaune cikin kogo. Ni kuwa rabona da keke tun ina sakandare, ga gwiwata ta hagu tana ɗan damuna in na hau bene. Dan Allah keken nan kamar babur yake ko sai na taka? Ya batun abinci da sallah? Sannan wani abu da ya tsaya min a rai, mutanen nan talauci ne ya sa su zama a kogo? Don ni gaskiya bana son in biya kuɗi in je kallon talaucin bayin Allah. Na gode.
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya yi wa yaron albarka. Amsata a gajarce ita ce ka je, za ka iya insha Allahu. Na bi wannan hanyar da kaina, kuma abin da kake tsoro wato hawan tudu ba shi ne abin tsoron ba, saukowa gangare da abin da za a zuba maka a faranti su ne ke buƙatar ka buɗe ido.

Bari in fara da keken. Ba babur ba ne, babu wani totur da za ka murɗa. A dokar ƙasashen Tarayyar Turai irin wannan keken injinsa bai wuce ƙarfin wat 250 ba, kuma ba ya taimaka maka sai kana taka feda, da ka kai gudun kilomita 25 a awa sai injin ya janye hannunsa ya bar ka da ƙafarka, shi ya sa ma ba a neman lasin tuƙi a kansa. Yadda za ka ji shi kamar wani ne ya dafa bayanka yana tura ka a hankali. A ƙahon keken akwai ɗan maɓalli mai mataki uku ko huɗu, ka tashi da na ƙasa tukuna don in ka sa na sama tun daga tsaye keken zai zabura da kai kafin ka gyara zama. In ka ga hayi a gabanka sai ka ƙara matakin, ka sassauto da giyar keken yadda ƙafarka za ta riƙa juyawa da sauƙi ba ka danna da ƙarfi ba, wannan shi ne abin da zai kare maka gwiwar. Kuma ka tsaya kai da fata sai ɗan jagora ya daidaita maka tsayin sirdi, in feda ta kai ƙasa gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan kawai. Mu da muka taso muna hawan keken da ya fi mu ko wanda muka fi, ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba, amma sirdi in ya yi ƙasa da yawa gwiwa ce ke biyan kuɗin. Tunda dama tana damunka, ka faɗa wa likitanka kafin tafiyar.

Sai birki, nan nake so ka saurare ni da kyau. Keken yana da nauyi, ya haura kilo 20, birkinsa kuma mai faifai ne, yana kamawa nan take ba irin na roba da muka sani ba. A can hannun hagu shi ne birkin gaba, na dama na baya. In ka firgita a gangare ka damƙe na hagu shi kaɗai, tayar gaba za ta tsaya cak kai kuma ka wuce ta saman ƙaho. Ka riƙa matsa su biyun tare a hankali, ka saki, ka sake matsawa, kuma ka rage gudu tun kafin ka shiga kwana ba a tsakiyarta ba. Ka roƙi a ba ka minti goma ka zagaya a fili kafin ayari ya tashi, babu kunya a ciki. Mafi alheri ma tun a Zariya ka ari keken yara ka ɗan riƙa zagaya unguwa bayan la'asar na sati biyu, jiki ba ya mantawa, tuni kawai yake so. Hular kwano dole ce a hanyoyin da ke tsakanin garuruwa a Sifaniya, za su ba ka. Hannun dama ake bi kamar gida, kuma doka ta tilasta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi in zai wuce mai keke.

Tafiyar kanta ba wata mai nisa ba ce. Daga Malaga zuwa Ronda wajen kilomita 100 ne, da mota za ku je. Daga Ronda zuwa Setenil kuma bai kai kilomita 20 ba in an bi hanya kai tsaye ta wani ɗan gari Arriate, kuma Ronda ta fi Setenil tudu, kaga kenan zuwan ya fi dawowa sauƙi duk da akwai hawa da sauka a tsakani. Abin da yaronka zai tambaya tun yanzu shi ne, da keke za a dawo ko mota za ta kwaso ku? Kuma za a biya ta Acinipo? Wannan kufai ne na wani garin Rumawa a kan tudu, har yau dandalin wasansu na nan da kujerun da aka sassaƙa a jikin dutse, wuri ne mai kyau amma yana ƙara nisa da hawa. Afrilu kam kun zaɓi lokaci, alkama ta yi kore shar, ga layukan itatuwan zaitun har iya ganinka, ga jajayen furanni a bakin hanya. Da a ce Yuli ko Agusta ne da na ce ka haƙura, zafin can na kaiwa kusan digiri 40, kuma kar wani ya ce ai mu 'yan Arewa ne mun saba, sabo da zafi a inuwar shago daban, a kan keke tsakar rana daban. Da safe akwai ɗan sanyi, ka riƙe rigar sanyi mara nauyi.

Yanzu tambayarka da ta fi burge ni, ta talauci. Alhaji ka kwantar da hankalinka. Cikakken sunan garin Setenil de las Bodegas, yana lardin Cadiz, mutanensa ba su kai 3,000 ba. Wani ƙaramin kogi ne mai suna Trejo ya daɗe yana cin gindin dutse har ya bar saman ya zazzago kamar rumfa, sai mutane suka zo suka gina bangon gaba kawai suka shafe shi da farar ƙasa, dutsen ya zama shi ne rufi shi ne bangon baya. Ba haƙa suka yi ba. Masu haƙa suna wani gari can Guadix a lardin Granada, inda ake fafe tudun ƙasa a shiga ciki sai dai ka ga farin bututun hayaƙi ya leƙo ta sama, mutane kan haɗa su biyun amma ba ɗaya ba ne. Ba zan ɓoye maka ba, a Andalus, wato wannan yanki na kudancin Sifaniya, a da galibi marasa ƙarfi ne ke zama a irin waɗannan gidaje saboda arha, bango ɗaya za ka gina maimakon huɗu da rufi. Amma dabara ce mai kyau, dutse yana riƙe sanyi da bazara ya riƙe ɗumi da hunturu, duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro na ƙasa ya san abin da nake nufi. Yau gidajen suna da wuta da ruwan famfo, da yawansu sun zama kantuna da wuraren cin abinci da masaukin baƙi, kuma kuɗin irinku masu zuwa yana cikin abin da garin ke ci da shi.

Tituna biyu ne kowa ke zuwa dominsu, ɗaya a kowane gefen kogin. Cuevas del Sol wato kogunan rana, nan ne aka jera tebura a ƙarƙashin dutsen mutane na cin abinci. Sai Cuevas de la Sombra, kogunan inuwa, inda a wani wuri dutsen ya rufe titin ruf, ka ɗaga kai babu sama sai dutse. A nan na sauka daga keke na tura shi da hannu, ina fitowa daga rana da gumi a bayana sai na ji wani sanyi ya sauko min a wuya kamar an buɗe randa. Na shiga wani ɗan kanti, can ciki inda aka jera kwalaben man zaitun na kai hannu na taɓa bangon, dutse ne tsagwaronsa mai kaushi da sanyi, rufin kuma yana ta sunkuyowa har sai da na duƙar da kai. Ban san sanda na ce subhanallah ba. Abin da zan roƙe ka kawai, wasu ƙofofin gidajen mutane ne da iyalansu a ciki, kar a leƙa kar a ɗauki hoton cikin gida, kuma in da hali ku je tsakiyar mako don Asabar da Lahadi titin cika yake maƙil.

In gwiwa ta yarda ka hau saman garin a ƙafa, akwai hasumiyar tsohuwar ganuwa ta zamanin Musulmi. Setenil tana cikin garuruwan da ke tsaron iyakar daular Musulmi ta Granada, an kewaye ta da yaƙi a 1407 ba a ci ta ba, sai a 1484 sojojin sarki Fernando da sarauniya Isabel suka karɓe ta da manyan bindigogi, Ronda ta bi baya a 1485, Granada kuma 1492. Mutanen garin kan ce sunan ya fito ne daga kalmomin Latin biyu masu nufin "sau bakwai babu komai", wai sau bakwai ana kawo mata hari, amma wannan labarin baka ne. Bodegas ɗin kuwa rumbunan ruwan inabi ne da garin ya yi suna da su kafin wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin a ƙarni na 19. A Ronda ma kafin ku tashi ko bayan kun dawo, bayan babbar gadar nan da aka gama a 1793 a kan kwazazzabo mai zurfin kusan mita 100, ka ce a nuna maka hasumiyar masallacin da ta rage a tsohon gari da gidan wankan Larabawa. Ni dai na daɗe tsaye a gindin hasumiyar nan, jikina ya yi sanyi.

Abinci. A nan fa sai ka yi da gaske, domin Setenil da kayan naman alade ta yi suna, za ka gan su rataye a kantuna. Ka haddace waɗannan: cerdo alade ne, jamón da chorizo da tocino duk shi ne, manteca kuma kitsensa ne da suke sawa har a cikin kayan fulawa masu zaƙi, don haka kar ka ga biskit ka ce ai wannan ba nama. Ka ce "sin cerdo, sin alcohol", wato ba alade ba barasa. Akwai wata miyar tumatir mai sanyi salmorejo, ita kanta lafiya lau ce amma suna barbaɗa mata jamón a sama, sai ka hana tun wajen oda. Abin da ni na ci hankali kwance shi ne wainar ƙwai da dankalin turawa da suke kira tortilla, da burodi da tumatir da man zaitun, da cukwin akuya, da kifi. Kuma da yake kewayen Ronda akwai gonakin inabi, wasu masu shirya yawon kan saka tsayawa a ɗanɗana barasa cikin tsarin, yaronka ya rubuta musu tun kafin ranar cewa ku ba kwa sha kuma ga abin da ba kwa ci. Ba sa cin abincin rana da wuri, sai wajen ƙarfe 2, ka sa dabino da ruwa a jaka.

Sallah kuma agogonsu zai ruɗe ka, a Afrilu suna gaban Najeriya da awa ɗaya kuma rana ba ta karkatawa sai bayan ƙarfe 2, magariba kuwa sai wajen 9 na dare. Kar ka dogara da samun masallaci a ƙauyen, ka tafi da ƙaramar sallaya da alwalarka, ka faɗa wa ɗan jagora kana son minti goma, a bakin wata gonar zaitun na yi tawa. Alƙibla gabas take ta ɗan karkata kudu, wayarka za ta nuna maka. Batun ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ka faɗa masa kwana nawa za ka yi a Malaga don hukuncin ya rataya a kan haka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ni ma maigidana na so mu yi irin wannan yawon na keke in mun je Sifaniya, toh ni da abaya da hijabi nake fita, ya zan yi? Kuma ban taɓa hawa keke ba sam.
Daga wata 'yar uwa a Kaduna.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Suturar ba matsala ba ce, sai dai abaya mai jan ƙasa kam a'a, sarƙar keke ko tayar baya za ta cafke ta ki faɗi. Ki sa wando mai faɗi da riga mai kaiwa gwiwa, ki ɗaure bakin ƙafar wandon ta dama da roba don ta nan sarƙar take, hijabi kuma gajere wanda za ki tura bakinsa cikin riga sai hular kwano ta hau kai, ki ce a ba ki keken da babu sandar tsakiya. Shi ma maigida ya ajiye babbar riga a masauki. Amma rashin iya hawan shi ne magana, Hajiya kar ki fara koyon keke a kan hanyar da ke da gangare da motoci, batir ba ya koya wa mutum tsayuwa a kan taya biyu. Ko dai ki koya a gida tun yanzu har ki iya juyawa da taka birki ba tare da kin sa ƙafa a ƙasa ba, ko kuma shi ya bi ayarin keken ke ki ɗauki tasi daga Ronda, tafiyar kamar rabin awa ce, ku haɗu a bakin gadar da ke kusa da Cuevas del Sol ku shiga ƙarƙashin dutsen tare.