Mota mai jan baya a hunturun Kanada: tayoyin hunturu biyu sun isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wannan ne hunturuna na farko a Montreal. Na sayi Ford Mustang GT mai jan baya, wato tayoyin baya ne ke tura ta, tayoyin lokacin zafi ne a jikinta, kuma kuɗi sun yi mini ƙaranci. Wani a wajen aikinmu ya ce in sa tayoyin hunturu biyu a baya kawai, in jefa buhun yashi a but, shi ke nan. Da motar nake kai yarana makaranta, kuma wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Doka ma ba ta bar maka zaɓi ba: a lardin Kebek, inda Montreal take, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, dole duk tayoyin motarka su zama na hunturu, in ba haka ba tara ce ta dala 200 zuwa 300. Ka duba gefen tayar, za ka ga tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Rubutun M+S, wato laka da dusar ƙanƙara, kaɗai bai wadatar ba.

Ko babu doka, tayar da ke jikin motarka an yi ta ne don kwalta mai zafi. Da sanyi ya sauka ƙasa da maki 7 a ma'aunin Celsius, robarta ta fara sandarewa; a watan Janairu kuwa sai ka danna farce a kanta ka ji kamar ƙafar kujerar roba. Ga injin lita 5 mai ƙarfin doki sama da 400 yana zuba ƙarfinsa a tayoyin baya, inda nauyi bai kai na gaba ba. Totur kaɗan, bayan motar ya zame.

Yanzu ga maganar da ke ƙona mini rai, wato wannan ta taya biyu. Kusan kullum sai an kawo mini ita gareji, kuma masu yaɗa ta ba su taɓa kwance taya ba. Hujjarsu ita ce tunda baya ne ke tura mota, baya ne ke bukatar riƙo. To, wa ke juya motar? Wa ke tsayar da ita? Sitiyari a tayoyin gaba yake, kuma in ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin. Ka sa na hunturu a baya, motar za ta tashi lafiya lau daga fitilar hanya, ka ɗauka titin ba santsi, ka ƙara wuta. Sai ka iso kwana ka murza sitiyari, motar ta miƙe abinta kamar ba ka taɓa shi ba. Haɗarin ke nan: tayoyin baya sun ba ka ƙwarin gwiwar gudun da tayoyin gaba ba za su iya tsayar da shi ba.

Na taɓa karɓar wata mota mai jan baya da aka janyo, gabanta ya lotse a jikin shingen titi, kujerar jariri na ɗaure a baya. Tayoyin bayanta sababbi fil, ko gashin roba bai kaɗe ba. Na gaba kuwa na lokacin zafi ne. Mai ita ya rantse mini a hankali yake tafiya, kuma na yarda da shi.

Kada kuma wani ya ce maka ai motar na da ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki, da na'urar hana zamewa. Su waɗannan rarraba riƙon da taya ke da shi suke yi, ba sa ƙirƙiro wanda babu. Buhun yashi yana ɗan taimakawa wajen tashi, amma ba ya maye gurbin taya, kuma in ba a ɗaure shi ba, birkin gaggawa zai mai da shi abin jifa.

Ka sayi huɗu iri ɗaya, gwargwado ɗaya. Mai ɗan siriri ya fi mai faɗi ratsa dusar ƙanƙara, sai dai a gwada rim ɗin a tabbatar bai gogi birkin gaba ba, musamman in naka babban birkin nan ne na kamfanin Brembo. In na hannu za ka saya, zurfin zanen kada ya gaza milimita 4, kuma ka karanta lambobi huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke gefen tayar, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 3521 na nufin mako na 35 a shekarar 2021. Iska na raguwa in sanyi ya ƙaru, sai ka riƙa aunawa da safe kafin ka tashi motar.

In kuɗin huɗun bai haɗu ba, ka ajiye Mustang ɗin a gida, ka kai yaran a bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa har su haɗu. Kuma ka kama layi a gareji tun Oktoba, don cikin Nuwamba cunkoso ake yi. Allah Ya tsare ka da iyalinka.