Amsa kan duba altimita lokacin saukar da ba a ganin ƙasa

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari tambayarka, wai a ina ake duba altimita, wato na'urar da ke auna matsin iska ta nuna yadda jirgin sama ya yi nisa a sama, idan ana gangarowa cikin gajimare. Ni dai yadda na fahimta, so kake ka ji ko dubawar da ake yi a FAF, wato wurin da ake fara gangarar ƙarshe zuwa titin jirgi, ta wadatar. To ba ta wadatar ba.

Tun lokacin da za ka bar 1013, lambar matsin iska ta bai-ɗaya da ake sa wa altimita a can sama, ka koma QNH, wato lambar matsin iska ta filin da za ka sauka, aikin ya fara. Kai ka sa, abokin tuƙinka ya sa, altimitar ajiya ma a sa mata, kowa ya faɗi lambar da baki. Kuma ka gwada abin da hasumiyar kula da jirage ta ba ka da wanda ka rubuta daga ATIS, wato sanarwar yanayin filin da ake maimaitawa a rediyo. In sun saɓa, tambaya za ka yi.

A ILS, wato tsarin sauka da na'urorin filin jirgi ke yi wa jagora, eh, dubawar FAF tana kama kuskure, domin layin gangarar daga ƙasa ake harbo shi ta rediyo, babu ruwansa da QNH ɗinka. Taswira ta ce ƙafa kaza, altimita ta ce wani abu dabam, ka gane. Amma RNP mai Baro-VNAV fa, wato saukar da kwamfutar jirgi ke lissafa layin gangararta daga matsin iska? Layin kansa a kan altimitarka aka gina shi. In QNH ɗin da ka sa ya fi na gaskiya, allo zai nuna komai daidai, kai kuwa kana ƙasa da inda kake zato.

Ku tuna Paris, watan Mayun 2022, filin Charles de Gaulle. Jirgi ƙirar A320 ne yana irin wannan saukar, aka ba matuƙansa QNH 1011 alhali 1001 ce. Kowane hektofaskal, wato ma'aunin matsin iskar, ƙafa 30... a'a, mu ce 28, bambancin goman nan kusan ƙafa 280 ke nan. Ana ruwa, ba su ga titin jirgi ba, suka fasa sauka. Ƙafa 6 ya rage su taɓa ƙasa. Shida! Suka sake zagayowa da lambar kuskuren nan dai.

Shi ya sa raina ke ɓaci da wani yaron matuƙi da na taɓa tuƙa jirgi da shi. Kafin in rufe baki ya ce "na duba". Idonsa ma bai je wurin ba, ina kallonsa. Sau uku a rana ɗaya! Na ce karanto min lambar, sai ya yi shiru. Har yau abin yana damuna wallahi.

Akwai kuma maganar sanyi, altimita tana nuna ka fi inda kake tsawo... bari dai, wannan sai wani lokaci. Altimitar rediyo kuma, wadda ke auna tazararka da ƙasa kai tsaye, in ta farka a ƙafa 2,500, ka leƙa ta, amma ka san tudu da kwarin da ke ƙarƙashinka take aunawa.