Me zan rubuta a takardar bayanin manufa idan ina neman gurbin karatu a waje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Anka ne, na gama sakandare a Gusau, kuma sakamakon WAEC ɗina ya yi kyau a Kemistiri da Bayoloji. Ina neman gurbin karatun lafiyar muhalli a Turkiyya da Ingila, duka biyun sun ce in rubuta dalilin zaɓen fannin da aikin da nake son yi in na gama. Na rubuta cewa tun ina yaro nake son taimakon al'umma, kuma iyayena ba masu hali ba ne, sai yayana ya ce kowa haka yake rubutawa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Yayanka ya yi gaskiya. Mai tantance takardun nan yana karanta su da yawa a zama ɗaya, kuma zancen son taimakon al'umma zai iya fitowa daga bakin mai neman likitanci ko lauya ko injiniya ba tare da an canza kalma ɗaya ba. Duk jimlar da wani zai iya kwafa ya sa a tasa takardar, goge ta. Rashin hali kuwa akwai gurbinsa a fom ɗin neman tallafi. A nan so ake a ga ko ka san abin da za ka karanta.

Ka fara sanin girman filin da aka ba ka. Yaranmu ba su saba da wannan rubutu ba saboda JAMB ba ta nemansa. A Ingila ta UCAS ake nema, wato cibiyar da ke karɓar takardun neman shiga jami'o'in ƙasar, kuma iyakarka haruffa 4,000 ne har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wato kalmomi 600 da ɗoriya. Ga masu shiga daga 2026 an raba shi tambayoyi uku: me ya sa kake son fannin, yaya karatunka ya shirya ka, me ka yi a wajen aji don shiri. Kowace amsa kada ta gaza haruffa 350. Rubutu ɗaya ne ke zuwa duk kwasa-kwasai biyar da za ka iya zaɓa, don haka kada ka ambaci sunan wata jami'a a ciki. Tallafin gwamnatin Turkiyya kuma akan buɗe shi daga Janairu zuwa Fabrairu, mai neman digirin farko ya kasance ƙasa da shekara 21, kuma a can ana son jin dalilin zaɓen ƙasar da jami'o'in da ka jera. Kada ka ɗauki rubutun Ingila ka manna a can.

Yanzu ga inda ka fi sauran masu nema. Kai ɗan Anka ne. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu. Sanadin shi ne duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da ake kawowa cikin gidaje, a niƙa su a bushe, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ba da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma magani ba ya amfani in yaro zai koma cikin gurɓatacciyar ƙasa, shi ya sa sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba mai tsabta. Ƙauyen Bagega da ke Anka bai samu wannan aikin ba sai 2013. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Wannan shi ne ainihin fannin da kake nema: likita na warkar da yaro, jami'in lafiyar muhalli na gyara gidan da zai koma.

Sai dai a yi hattara. Kana ƙarami sa'ad da abin ya faru, kada ka ce ka ga abin da ba ka gani ba, domin in aka kira ka ganawa za a tono. Da Turanci za ka rubuta, amma ga yadda buɗewar za ta iya kasancewa, in har gaskiya ce a wurinka: “A unguwarmu akwai gidan da tsakar gidansa ta bambanta da ta maƙwabta, domin an kwashe ƙasar an zuba sabuwa. Sai a aji biyar na sakandare, da muka karanta ƙarafa masu guba, na gane dalilin.” Jimla biyu, an san garinku, an san darasin da ya farkar da kai. Kada labarin ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na rubutun. Yawanci a nan ake ɓata fili, a yi ta bayanin bala'in har mai rubutun ya ɓace.

Rabin takardar na abin da ka yi ne da hannunka. Mun taso da cewa yabon kai jahilci ne, to ba a ce ka kira kanka haziƙi ba. Faɗi aikin kawai: gwajin da kuka yi a ɗakin kimiyya da abin da ya ba ka wuya a ciki, rahoton da ka karanta da abin da ka fahimta, rakiyar masu duba-gari ko masu rigakafi, tambayar da ka yi wa masu haƙar zinariya kan dalilin da ya sa niƙa da ruwa ke rage ƙura. In ba ka yi ko ɗaya ba, ka yi kafin ka rubuta. Mako biyu a asibitin sha-ka-tafi na garinku da izinin shugabansa ya isa ya ba ka sakin layi mai nauyi. Sannan ka buɗe jerin darussan kwas ɗin a shafin jami'a, ka ɗauko biyu, misali ilimin guba da auna ingancin ruwa, ka nuna wace tambayarka kowanne zai amsa.

Burin aiki ka yi shi hawa biyu. Na kusa ya zama aikin da yake akwai shi: gwajin ƙasa da ruwa a ma'aikatar muhalli ta jiha, ko a NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ko tare da ƙungiyar agaji. Na nesa, bayan shekara goma, jimla ɗaya ta ishe shi. Wanda ya ce zai kawar da duk cututtukan Afirka ya nuna bai san girman aikin ba. In rufe makarantun jihar Zamfara a 2021 ya ja maka giɓi, faɗe shi a jimla biyu tare da yadda ka cike shi, ka wuce.

Kada ka ba mai shagon intanet ya rubuta maka, kada kuma ka kwafo daga ChatGPT. UCAS na gwada kowane rubutu da waɗanda aka taɓa turo mata, in ta ga kamanni ta sanar da jami'o'in. Rubuta da kanka, ka ajiye kwana biyu, ka karanta da ƙarfi. Ba malamin Turanci ya duba nahawu, malamin Kemistiri ya duba gaskiyar bayanin, amma kada su sauya maka murya. Kafin ka tura, manna shi a akwatin fom ɗin ka duba adadin haruffa a can, domin lissafin Word kan ɗan saɓa da nasu.