Turunku ba garin masara ba ne tun asali

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mutanen Turunku suka zauna a gindin dutse, kuma ko tun can masara suke nomawa. A yankin na tashi, har yau kuma ina riƙe da fartanya.

Zaman gindin dutse tsaro ne ya kawo shi. Turunku, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Igabi, tana cikin wuraren da sarautar Zazzau ta zauna kafin ta koma Kufena, daga nan Zariya, kuma daga gidan Bakwa Turunku Sarauniya Amina ta fito. A lokacin ba a nisa da ganuwa, ana noma kusa a dawo da wuri. Sai da hare-hare suka lafa bayan zuwan Turawa mutane suka bazu, kowane maigida ya sari daji ya kafa gandunsa. Yawancin ƙananan ƙauyukanmu haka suka samu.

Masara kuwa baƙuwa ce a babbar gona. Dawa ce abincin kakanninmu, da gero da wake, kuma da damin dawa ake auna arzikin magidanci. Masara 'yar bayan gida ce, a shuka ta inda ake zuba toka da kashin awaki, a gasa wa yara kafin dawa ta nuna. Abin kuɗi auduga ne. Ita ake kai wa fuloti, wato wurin sayen auduga, a biya haraji, a yi wa yaro aure. Layin dogo ya ratsa ƙasar Zazzau ya kai Kano a 1911, masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta buɗe a Kaduna a 1957, don haka mai saye ba ya yankewa.

Abin ya juya ne daga 1975, da aka fara shirin noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya (Funtuwa tana jiha ɗaya da mu a lokacin, sai 1987 aka yanke Katsina). Takin zamani ya zo da rangwame, malaman gona suka kawo sabon irin masara, mutane suka ga buhunan da kadada ɗaya ke bayarwa. Da masaƙun Kaduna suka rufe bayan shekarar 2000, auduga ta ƙarasa kwanciya.

A ganina mun yi gaggawar sakin dawa. Dawa tana da haƙuri, ko ba taki za ta ba ka na tuwo. Masara in ba ka zuba mata takin kamfa da yuriya a kan lokaci ba, kara kawai za ka kwasa, ga ciyawar wuta-wuta a gonar da ta gaji. Shi ya sa da taki ya yi tsada, maƙwabtana da dama suka raba gona, gefe dawa, gefe waken suya, masara kuma daidai buhunan takin da aljihu ya iya saye.