Ƙaramar motar da za ta ɗauki iyali

Ɗan'uwa, tunda ƙaramar mota kake nema ta zuwa aiki da kai yara makaranta, ɗauki mai ƙofa biyar, inji lita 1.3 zuwa 1.5. Mai lita 1.0 ba ta shan mai sosai, amma da mutum huɗu, an kunna na'urar sanyi, a hawa sai ta yi ta nishi.

Girman but ne mutane ba sa dubawa. Honda Jazz ta 2015 lita 354 gare ta, Yaris ta lokacin 286. Je da keken jaririnku ka gwada, ka kuma laluba ƙugiyoyin ISOFIX, waɗanda ake maƙala kujerar jariri da su, a kujerar baya.

In giyar CVT ce, wato wani nau'in giyar otomatik, tambayi yaushe aka canza manta. Tana karkarwa wajen tashi? Haƙura da ita, gyaran na cin kuɗi.